Mabul, Giranit ko Tangaran: Wane Kwamin Wanke Hannu Zai Jure wa Banɗakinka?

Akwai wani kwamin wanke hannu na baƙin mabul da na sani tun yana sabo. Ranar da aka girka shi, in ka sunkuya sai ka ga fuskarka a cikinsa, ga fararen jijiyoyi sun ratsa baƙin kamar walƙiya a daren damina. Bayan wata huɗu na koma gidan, na tarar ya yi furfura. Daga gindin famfo har zuwa magudana wasu layuka ne fari-fari sun gangaro, kowanne ya bi hanyar da wani ruwa ya bi. Na shafa da yatsa, na ji wurin ya yi kaushi, alhali gefensa sumul yake. Mai gidan ya ce sun goge har sun gaji, tabon ya ƙi fita.

Ba zai fita ba, domin ba tabo ba ne. Abin da ya faru shi ne ruwan gidan yana barin wani farin ɓawo a gindin famfo, sai wani mai son tsafta ya ɗauko ruwan wanke masai ya tsiyaya, ya bar shi ya jiƙa na ɗan lokaci. Ɓawon ya narke kuwa, amma fuskar dutsen ta narke tare da shi. Babu wanda ya yi ganganci a nan. An dai sayi dutse ba a tambayi abin da yake tsoro ba.

Duwatsun da ake sassaƙa kwami da su gida biyu ne, kuma wannan rabon ya fi launi da sunan ƙasar da aka haƙo su muhimmanci. Gida na farko su ne waɗanda jikinsu kalsiyam kabonet ne, wato dangin farar ƙasa: mabul, tirabatin, onis, da dutsen farar ƙasar kansa. Duk wani abu mai tsami yana cin su, daga asid mai ƙarfi har zuwa ɗigon lemun tsami. Gida na biyu su ne 'yan siliket, wato dangin ma'adinin yashi: giranit, kwazayit, basal (wani baƙin dutsen aman wuta), da dutsen sabulu. Waɗannan tsamin da ake samu a kayan wanke-wanke na gida bai dame su ba. In ka riƙe wannan, ka yi rabin zaɓenka.

Abin da ya sa rabon ya yi nauyi a banɗaki fiye da ko'ina shi ne ruwa. Farin ɓawon nan da ke taruwa a kan famfo da cikin butar dafa ruwa, shi ma kalsiyam kabonet ne. Ma'ana shi da mabul uwa ɗaya uba ɗaya suke. Duk maganin da aka haɗa don ya narkar da ɓawon, zai narkar da mabul ɗin, don ba ya iya bambance su. Saboda haka kafin ka je kallon duwatsu, leƙa cikin butarka, ka dubi kan shawarka. In ka ga fari ya daskare, in kuma sabulu ba ya saurin kumfa a ruwanka, to ka san kwamin mabul zai sa ka aikin share shi da tsumma kusan duk bayan amfani, don kada ɓawon ya samu wurin zama tun farko. Wanda ruwansa ba ya barin komai, shi ya samu sauƙi, ƙofar mabul a buɗe take gare shi.

Bari mu daɗe a kan mabul, tunda shi ne ke ɗauke hankali, shi ne kuma ke jawo da-na-sani. Asalinsa dutsen farar ƙasa ne da zafi da matsi suka sāke wa halitta a ƙarƙashin ƙasa. Mafi shahara shi ne na Karara a yankin Tuskani na Italiya, wanda ake haƙa tun zamanin Rumawa, fari mai ratsin toka-toka. Daga wannan yanki ne kuma ake samun Calacatta da Statuario, waɗanda suka fi fari, jijiyoyinsu suka fi fitowa. Akwai na Makrana a Rajastan ta Indiya, wanda aka gina Taj Mahal da shi, da fari fat na tsibirin Tasos a Girka, da baƙin Nero Marquina na yankin Bask a Sifen. Masu sayarwa suna son ambaton waɗannan gine-gine na tarihi don nuna ƙarko, kuma ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ginin da ya shekara ɗaruruwa a tsaye ba a zuba masa man wanke fuska da rinin gashi kowace safiya.

A ma'aunin taurin ma'adinai da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ma'adinin da ya yi mabul yana kan 3. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashi da bakin wuƙa suna wajen 5.5. Kenan zobe ko almakashi ko tsakuwar da ta maƙale a soso za su iya karce shi. Wannan ba babbar matsala ba ce a kwamin wanke hannu, don ba yanka ake yi a ciki ba. Babbar matsalar ita ce mutane suna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba: tabo da ci. Tabo shi ne abu ya shiga cikin ƙofofin dutse ya zauna, kamar mai ko rini ko tsatsa, kuma yawanci yana sa wurin ya yi duhu. Ci shi ne asid ya narkar da fuskar dutsen, wurin ya dusashe ya yi fari. Maganin da ake shafa wa dutse don toshe ƙofofinsa, wanda masu aikin ke kira sila, tabo kaɗai yake jinkirtawa. Ba ya hana ci ko kaɗan. Duk wanda ya ce maka "an sa masa sila, ba abin da zai same shi", ko dai bai sani ba, ko kuwa so yake ka biya ka tafi.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne mabul ba ya shan ruwa kamar yadda ake zato. Ƙa'idar ASTM, ƙungiyar Amurka mai tsara ma'aunin ingancin kaya, ta sa iyakar shan ruwan mabul a kashi 0.20 cikin ɗari na nauyinsa, na giranit kuwa kashi 0.40. Akwai giranit masu hasken launi da suka fi gogaggen mabul shan ruwa. Raunin mabul a tsami yake, ba a ƙishi ba. Kuma tsamin yana ɓoye a inda ba a tsammani: mayukan gyaran fata da yawa suna ɗauke da asid, haka wasu ruwan kurkure baki, haka kusan duk maganin cire ɓawo da yawancin ruwan wanke masai.

Farin mabul yana da wata cuta tasa ta daban. Wasunsa suna da ɓurɓushin ƙarfe a jiki, in suka daɗe cikin laima sai ƙarfen ya yi tsatsa daga ciki, dutsen ya soma rawaya-rawaya. An fi ganin haka a daɓen shawa inda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashi, fiye da kwamin da ke bushewa tsakanin amfani da amfani. Baƙin mabul kuma shi ne ya fi tona asirin ci, domin farin wuri a kan baƙi ba ya ɓuya. In dai mabul ɗin ka ƙwallafa rai a kai, shawarata ka ɗauki mai haske, kuma wanda aka goge shi sumul ba tare da an fito da sheƙi ba. A kan irin wannan fuska, ɗan cin da za a samu yana sajewa, kuma da shekaru kwamin yakan yi wani irin laushin kallo da wasu ke so fiye da sabo. Ni ina cikin masu son haka. Amma na san mutanen da in suka ga ɗigo ɗaya ya dusashe ba za su yi barci ba, su kam su bar mabul wa masu haƙuri.

Alherin mabul da ba a cika faɗa ba shi ne yana gyaruwa. Tunda launinsa ɗaya ne har ciki, mai aikin dutse zai iya goge fuskar da ta ci ya fito da sabuwa. Baƙin kwamin nan da na ba da labarinsa haka aka yi masa, ya dawo. Sai dai goge cikin kwami mai lanƙwasa aikin hannu ne mai cin lokaci, ba kamar shimfiɗaɗɗen falle ba.

Giranit ba ya buƙatar dogon bayani, kuma wannan yabo ne. Narkakken dutse ne da ya huce a hankali cikin ƙasa, ma'adinan da suka fi yawa a jikinsa suna kan 6 zuwa 7 a ma'aunin Mohs. Wuƙa ba ta karce shi, lemun tsami ba ya cin sa, in ɓawo ya taru za ka iya cire shi da abu mai ɗan tsami ka ɗauraye. Abu ɗaya da za ka kiyaye shi ne wasu magungunan cire tsatsa masu ɗauke da asid na haidurofulorik, wanda ke cin gilashi ma, balle giranit. Mafi yawan abin da ake sayarwa da sunan baƙin giranit, irin su Absolute Black da Black Galaxy na Indiya da baƙin Zimbabuwe, a wajen masana duwatsu ba giranit ba ne, wasu danginsa ne. Wannan ba abin damuwa ba ne, domin sun ma fi shi matsewa, wasunsu ko sila ba sa sha. Matsalarsu ta ido ce: busasshen kumfa, man goge baki da farin ɓawo duk suna fitowa ɓaro-ɓaro a kan baƙi mai sheƙi. Giranit mai ɗigo-ɗigo, toka-toka ko ruwan ƙasa, shi ne mai rufa asiri. Ba shi ne ya fi kyau a hoto ba, amma a banɗakin da yara ke shiga da fita, shi zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

Wanda ke son kamannin mabul da taurin giranit, kwazayit ake nuna masa. Asalinsa dutsen yashi ne da ya rikiɗe, taurinsa ya kai 7, kuma Barazil ce ta fi fitar da masu kyansa. A nan ne kuma aka fi yin sayen kifi a ruwa. Akwai duwatsun da ake liƙa wa sunan kwazayit alhali mabul ne mai ɗan tauri. Wanda ake kira Super White ya yi ƙaurin suna a wannan ruɗani. In ka ji an ce "kwazayit mai laushi", ka sa alamar tambaya, domin na gaskiya ba shi da laushi. Gwajin ba wuya: kaifin gutsuren kwazayit yana karce gilashi, mabul kuwa sai dai ya bar farin gari a kan gilashin wanda za ka share da yatsa. Kada kuma ka haɗa shi da abin da ake kira kwaz, wanda ba dutsen da aka haƙo ba ne, garin dutse ne wajen kashi 90 cikin ɗari aka cuɗa da ƙaro a masana'anta.

Tirabatin shi ne mai launin ƙasa-ƙasa da 'yan ramuka a jiki kamar soso. Maɓuɓɓugan ruwan zafi ne ke ajiye shi a hankali, iska da ruwa suna barin ramukan. Sunansa ya samo asali daga garin Tiboli kusa da Rum, kuma da shi aka gina babban filin wasan nan na Kolosiyam. A yau Turkiyya, musamman yankin Denizli, tana cikin manyan masu fitar da shi. Yana da ɗumi a ido, yana sa banɗaki ya yi kama da wurin hutawa. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ana sayar da shi iri biyu: wanda aka cike ramukansa da ƙaro ko siminti, da wanda aka bari a buɗe. Na buɗe a bango yana da kyau. A cikin kwami kuwa kowane rami ma'ajiyar sabulu ne da datti, kuma ba da daɗewa ba za ka ga sun yi baƙi. Ko cikakken ma, cikon yakan faɗo nan da can bayan shekaru, a sāke cikewa. Ga shi kuma ɗan gidan farar ƙasa ne, duk abin da mabul ke tsoro shi ma yana tsoro. In an tambaye ni, tirabatin na bango ne da kantar ajiye tawul, ba na inda ruwa ke zuba kullum ba.

Onis kuwa kyan ɗan maciji. Haske yana ratsa shi, har ana sa fitila a ƙarƙashinsa ya riƙa ci kamar garwashi, kuma ana kawo shi daga Iran da Pakistan da Meziko da Turkiyya. Laushinsa ɗaya da mabul, ga saurin tsagewa ta kan jijiyoyinsa. Wurinsa banɗakin baƙi, inda ake wanke hannu sau biyu a mako.

Akwai wani da ba a cika ambata ba, ni kuwa ina ganin ya cancanci a san shi: dutsen sabulu. Sunan ya zo ne daga santsin da ake ji in an shafa shi, saboda yawan ma'adinin talk a jikinsa, wanda shi ne na 1 a ma'aunin Mohs. Ka ga kenan ya fi mabul laushi, har mabuɗi zai iya zana shi. To amma ba ya shan ruwa, asid ba ya cin sa, zafi bai dame shi ba, shi ya sa aka daɗe ana yin tebura da kwamin ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya da shi. Mutum-mutumin nan mai buɗaɗɗun hannuwa da ke kan dutse a birnin Riyo na Barazil, da ƙananan fallayen wannan dutse aka lulluɓe shi. Ba ya buƙatar sila. In ya karce, samfefa mai laushi za ka sa ka goge da kanka. Launinsa toka ne, wani da ɗan kore, yana ƙara duhu da amfani, wasu kuma suna shafa masa mai don ya yi duhun bai ɗaya. Rauninsa biyu: launukansa kaɗan ne, kuma gefensa yana iya ɓantarewa in abu mai nauyi ya faɗa masa. Ga mai ruwa mai barin ɓawo da ba ya son ƙyallin giranit, ban san wanda ya fi shi ba.

Sai kwamin dutsen kogi, irin waɗanda ake kawowa daga Indonesiya: a ɗauki ƙaton dutse, a fafe cikinsa a goge, a bar bayansa da kaushinsa. Yawancinsu duwatsun aman wuta ne masu tauri, ba sa tsoron tsami. Ba biyu da suke daidai, don haka wanda ka gani a hoto ba lallai shi za a kawo maka ba, kuma kada a huda teburin da zai zauna a kai sai shi kwamin ya iso. Ka duba cikinsa da kyau ko an yi masa gangara zuwa magudana. Na taɓa ganin wanda ruwa ke kwanciya a gefe guda, kullum da zoben datti a wurin, kuma wannan ba ya gyaruwa cikin sauƙi.

Adalci ne a sa tangaran a wannan layi, domin shi ne abokin takarar gaskiya. Ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,200 na Salshiyas, a lulluɓe shi da fuska irin ta gilashi. Ba ya shan tabo, ba ya tsoron asid, ba ya son sila, ba shi da nauyi sosai, yawancinsa yana zuwa da ramin da ke kwashe ruwa in kwami ya cika, kuma duk mai aikin famfo ya san yadda ake girka shi. A kan sauƙin rayuwa babu dutsen da ya kamo ƙafarsa. Inda dutse ya fi shi biyu ne: tangaran in ya tsage ko fuskarsa ta ɓantare, ya tafi kenan, dutse kuwa ana cike shi a goge, sannan tangaran dubu suna kama da juna, dutse kowanne da zanensa. In wannan na biyun bai motsa maka rai ba, ka sayi tangaran ka huta, babu abin kunya a ciki. Akwai ma hanyar tsakiya da mutane da yawa ke bi: teburin giranit ko kwazayit a sama, kwamin tangaran maƙale a ƙarƙashinsa. Ido ya samu dutse, ruwa da sabulu su faɗa kan tangaran.

Shi kuwa haɗaɗɗen kwaz ɗin masana'anta, ba ya shan ruwa kuma launinsa bai ɗaya ne, amma ƙaron da ke jikinsa ba ya son zafi mai yawa, ƙarfen gyaran gashi mai zafi zai iya barin masa alama. Ƙurarsa in ana yanka tana da silika (ma'adinin yashi) mai yawa da ke lalata huhun ma'aikata, har Ostireliya ta haramta shi daga 1 ga Yuli, 2024. Giranit da kwazayit ma suna da silikar, don haka duk wanda zai yanka maka dutse ko ya huda shi, da ruwa ya kamata ya yi, ba a bushe ba.

Bayan irin dutse, sai siffa, kuma a nan nauyi ke shigowa. Dutse yana kai kimanin kilo 2,700 a kowace mita kubik. Fallen da kaurinsa santimita 2 yana da wajen kilo 54 a kowace murabba'in mita, mai santimita 3 kuwa wajen kilo 81. Ɗan madaidaicin kwami mai kama da akushi, wanda faɗinsa bai wuce santimita 40 da ɗoriya ba, yakan yi kilo 10 zuwa 15, na dutsen kogi ya fi haka. Wannan kowane tebur mai ƙwari zai ɗauka. Wanda ake rataye wa a bango shi ne abin lura: yana son bangon bulo ko kankare da ƙarafan tallafi, kuma a lissafa har da mutumin da zai dafa shi da dukan nauyinsa yana wanke fuska. Kwamin wanka na dutse kuwa wata magana ce daban. Yana kai kilo ɗaruruwa, wasu sun haura tan guda, kafin a zuba ruwa, kowace lita kilo ɗaya, kafin mutum ya shiga. A bene, injiniya ake fara tambaya kafin mai sayarwa, a kuma auna ƙofa da matakala. Sannan dutse mai sanyi yana shanye zafin ruwan farko kafin shi ma ya ɗumama.

Kwamin da ake ɗorawa a kan tebur shi ne aka fi yi da dutse, kuma kurakuransa sanannu ne. Bakin kwami ya kamata ya tsaya wajen santimita 80 zuwa 90 daga ƙasa. In tsayin kwamin kansa santimita 14 ne, dole a rage tsayin teburin, in ba haka ba za ka riƙa wanke hannu ruwa na gangarowa zuwa gwiwar hannunka. Famfon dole ya zama dogo ko ya fito daga bango, kuma ruwansa ya sauka kusa da magudana, ba a kan gangaren gefe ba inda zai fantsama. Yawancin irin wannan kwami ba su da ramin kwashe ruwa in an cika, saboda haka magudanar da za a sa musu marar tsaga ce a wuya; in aka sa mai tsaga, ruwa zai riƙa yoyo cikin kabad. Rashin wannan rami kuma yana nufin yaro ya toshe magudana ya bar famfo a buɗe, sai ruwa ya malale ɗaki. Akwai kuma lungun da ke tsakanin gindin kwami da tebur, inda hannu ba ya shiga da kyau, datti kuwa yana shiga.

Abubuwa uku zan roƙi mai aikin famfo ya kiyaye, don na ga ɓarnar kowanne. Kada ya liƙe bakin magudana da irin ƙullin nan mai maiƙo, domin man yana tsotsewa cikin dutse ya bar baƙin zobe kewaye da ramin. Silikon ɗin da zai yi amfani da shi, wato abin liƙin da ke toshe yoyo, kada ya zama mai warin tsami, a nemi wanda aka rubuta ya dace da dutse. Kuma kada ya ɗaure noti da dukan ƙarfinsa: dutse ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma daga bakin rami tsagar ke farawa.

A daɓen shawa, lissafin ya ɗan sauya, domin santsi ya shigo. Dutse mai sheƙi in ya jiƙe da sabulu tarko ne, ko wane iri ne. Ana son mai ɗan kaushi, ko ƙananan yanka masu yawan layin siminti a tsakani da ƙafa za ta kama. Nan ma 'yan siliket sun fi dacewa, don a shawa ne sabulu da ɓawo suka fi taruwa, a nan ne kuma hannu ya fi saurin kaiwa ga magani mai ƙarfi. Ƙananan kaya irin su mazubin sabulu, kofin buroshi da 'yar kantar bango, a nan ne za ka iya sakin jiki ka sayi mabul ko onis ɗin da ranka ke so. In sun lalace asarar kaɗan ce, kuma za su nuna maka cikin 'yan watanni yadda ruwanka da mutanen gidanka ke mu'amala da irin wannan dutse.

Tambayar da nake yi wa duk wanda ya nemi shawarata ita ce: wa zai riƙa wanke banɗakin? In kai ne da kanka, kuma za ka iya tsayawa kan sabulu marar tsami da tsumma mai laushi, mabul zai zauna da kai lafiya. In hannaye da yawa ne, yau wannan gobe wancan, ko gidan haya ne ko masauƙin baƙi, to wata rana wani zai ɗauko kwalbar da ba ita ba. A irin wannan wuri giranit, dutsen sabulu ko tangaran ne kawai kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Kafin ka biya, nemi gutsuren ainihin dutsen da za a yi maka aiki da shi, ba wani mai kama da shi ba. Kai shi gida ka ajiye a inda haske yake. Ɗiga ruwa a gefe guda, mai a wani gefen, lemun tsami a na uku, ka ƙara da duk abin da aka fi amfani da shi a banɗakinka, ko man fuska ne ko rini. Ba su minti goma sha biyar, ka share, ka bari ya bushe. Inda ruwa ya zauna in ya yi duhu, dutsen mai sha ne, zai riƙa son sila lokaci-lokaci, kuma wannan gwajin ne zai riƙa gaya maka lokacin sabuntawa ya yi. Inda lemun tsami ya zauna kuwa kada ka dube shi daga sama. Ɗaga gutsuren ka karkata shi wajen taga yadda haske zai kwanta a kansa, domin ci ba ya nuna kansa sai a karkace.